HORAR DA KARE DA LALAMA: SANA'AR DA SHARI'A TA SAN DA ZAMANTA

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda Ya hore wa ɗan Adam dabbobi, Ya kuma ɗora masa nauyin kiwonsu da tausaya musu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Bunkure zuwa Rano, ko ta Rano zuwa Kibiya, bayan an kai amfanin gona gida hunturu ya sauka, da wuya a ce bai taɓa cin karo da ayarin 'yan farauta ba. Za ka ga samari riƙe da gora da barandami, mai gangi yana kiɗa, ana kirari, ga karnuka sirara masu dogayen ƙafafu suna biye da iyayen gidansu. In yamma ta yi a komo da zomo da gafiya da kurege da zabin daji, ranar sa'a har da gada. Daga Rurum da Saji a ƙasar Rano har zuwa Tarai da Durba a ƙasar Kibiya, farauta da kare gado ce da aka taras, ba baƙuwa ba ce.

To, amma wani abin mamaki shi ne, wannan kare da ake cin abin da ya kamo, shi ne dabbar da ta fi kowace wulaƙanta a wurinmu. Da sunansa ake zagi. Yara ba su ganinsa su ƙyale sai sun jefe shi, manya kuwa suna kallo ba su hanawa. Wasu ma sun ɗauka cewa ƙinsa da cutar da shi wani yanki ne na addini. Don haka muka ga ya dace a wannan mako mu duba abin da Shari'a ta ce game da horar da kare, da hanyar da ta fi dacewa a bi, da kuma ko wannan aiki zai iya zama sana'ar da Musulmi zai ci abinci da ita ba tare da ya saɓa wa Mahaliccinsa ba.

KARE MAI ILMI

A aya ta 4 ta Suratul Ma'ida, Allah Maɗaukakin Sarki Ya halatta mana cin abin da dabbobin farauta waɗanda muka horar suka kamo mana, da sharaɗin a ambaci sunan Allah. A cikin ayar an kira masu wannan horo da kalmar mukallibina, wadda ta fito daga sunan kare a Larabce, watau masu koya wa karnuka farauta. Har ila yau ayar ta nuna cewa abin da mai horo yake koya wa karensa yana daga cikin ilmin da Allah Ya sanar da shi ne. Ashe kuwa sana'ar da Alƙur'ani ya ambaci masu yin ta, ya kuma jingina ilminta ga Allah, ba abar rainawa ba ce.

Malam Ƙurɗubi, babban mai tafsiri ɗan mazhabar Malikiyya wanda ya rasu a shekara ta 671 bayan Hijira, ya ciro wata fa'ida daga nan, cewa mai ilmi yana da fifiko a kan jahili ko da a cikin karnuka ne. Karen da aka horar in ya kashe zomo, naman ya halatta. Karen da ba a horar ba in ya kashe wannan zomon, ya zama mushe. Kare ɗaya ne, haƙori ɗaya ne, ilmi ne kawai ya raba su.

Malaman fiƙihu sun bayyana alamun da ake gane horarren kare da su. In an aike shi ya tafi, in an kira shi ya amsa, in an tsawata masa ya tsaya. Malaman Shafi'iyya da Hanafiyya da Hambaliyya sun ƙara da cewa kada ya ci daga abin da ya kama, saboda hadisin Adiyyu ɗan Hatimu da Buhari da Muslim suka ruwaito. Imamu Malik kuwa bai sanya wannan a cikin sharuɗɗa ba. A kan mafarauci ma akwai nasa: ya yi niyya, ya ambaci sunan Allah lokacin sakin karen, ya kasance shi ne ya aike shi ba karen ne ya zabura da kansa ba, karen ya ji wa dabbar rauni, sa'an nan in ya taras da ita da sauran rai to wajibi ne ya yanka. In kuwa wani kare da ba a aika da sunan Allah ba ya shiga cikin kamun, har ba a san wanda ya kashe ba, ba a ci.

Jama'a, mu dubi farautar gayya da ake yi, inda za a saki karnuka da yawa a kan zomo ɗaya, ana ihu, ana rububi, wani lokaci har da faɗa. Mutum nawa ne a ciki zai iya rantsewa cewa karensa ya cika waɗannan alamu uku? Ashe maganar horo ba ta iya kamu kaɗai ba ce, magana ce ta halal da haram a cikin tukunyar gida.

SANDA BA TA KOYARWA

Da yawa daga cikinmu ba su san wata hanyar horo ba sai duka, da ɗaurewa a rana, da hana abinci don wai kare ya yi zafi. Wannan hanya ta saɓa wa sunna, kuma ba ta biyan bukata.

Muslim ya ruwaito cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta hau wani raƙumi mai gardama, ta riƙa fizgarsa, sai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurce ta da sassauci, ya sanar da ita cewa sassauci yana ƙawata duk abin da ya shiga, rashinsa kuwa yana munana shi. Mu lura, wannan babban hadisi da ake karantawa a wuraren wa'azi, a kan sarrafa dabba mai taurin kai ya zo. Haka kuma ya hana dukan dabba a fuska da yi mata lalas a fuska. Ya ba da labarin mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa a cikin huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah Ya gafarta masa, da labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha har ta mutu. Wanda ya san waɗannan hadisai ba zai ɗaure karensa kwana biyu da yunwa ya ce horo yake yi ba.

Masana halayyar dabbobi na zamani ma sun iso inda sunna ta riga su. Wani masani ɗan ƙasar Rasha mai suna Pavlov ya nuna yadda kare yake haɗa wani sauti da zuwan abinci har yawunsa ya zuba. Bayansa wani malami a Amurka, B. F. Skinner, ya tabbatar da cewa duk aikin da dabba ta yi aka bi shi da lada nan take, to za ta maimaita shi, har a 1951 ya rubuta maƙala a kan yadda kowa zai iya koyar da dabba ta wannan hanya. Wata mata mai suna Karen Pryor, wadda ta yi aikin horar da dabbar tekun nan dolfin a Hawai, ta yaɗa wannan ilmi da littafinta na 1984. Ita dolfin ba a iya sa mata igiya, ba a iya dukanta, in ta ga dama sai ta nutse ta bar ka tsaye, amma da kifi da usur kaɗai aka koya mata abubuwa masu ban mamaki. A 2020 kuma masu bincike a Jami'ar Porto ta ƙasar Fotugal suka gwada karnuka 92 daga makarantun horo dabam-dabam, suka taras cewa waɗanda ake horarwa da tsawa da fizga da azaba sun fi nuna alamun firgici, kuma sinadarin damuwa ya fi yawa a cikin yawunsu bayan darasi. Tun a 2010 yankin Wales na Birtaniya ya haramta sa wa kare abin wuya mai jan lantarki.

Dalilin a fili yake ga mai hankali. A ce ka kira karenka ya yi jinkiri, da ya iso ka zabga masa gora. Kai a ganinka ka hukunta shi a kan jinkiri ne, shi kuwa abin da ya fahimta shi ne, zuwa wurinka duka ne. Gobe in ka kira, sai ya tsaya daga nesa yana kaɗa bindi cikin tsoro. Ka ga da hannunka ka rushe alama ta biyu daga cikin alamun da Shari'a ta nema. Haka nan karen da aka bari da yunwa, shi ne wanda in ya kama zomo zai shige duhuwa ya cinye, ka tashi ba kare bin damo.

Tsofaffin mafarauta na ƙwarai sun san wannan tun kafin a rubuta shi a littafi. Shi ya sa in an feɗe nama ake jefa wa karen da ya yi kamu kayan ciki, ana shafa kansa, ana kiran sunansa. Abin da ya rage shi ne a mai da wannan al'ada ta zama ita ce ginshiƙin horo duka, a ajiye sanda.

YADDA AKE HORON

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Daga mako uku zuwa wajen wata uku na rayuwar kwikwiyo, a nan ne yake sabawa da duniya. A wannan lokaci ake nuna masa yara da awaki da kaji da shanu da babur, a hankali, ba tare da tsoratarwa ba, don ya girma ya san waɗannan ba abin kamu ba ne, ba kuma abin tsoro ba. Karen da ya tashi a ɗaure a bayan gida bai ga kowa ba, shi ne yake zama mai cizon baƙi.

Mai horo zai tanadi ƙananan gutsattsarin abin da kare yake so, kamar busasshen kifi ko guntun nama, ya ware su daga cikin abincinsa na yini. Sa'an nan ya zaɓi alama guda, ko fito ko wata gajeruwar kalma, wadda ba ta canzawa. Sai ya riƙa yin alamar yana ba da lada nan take, har karen ya gane cewa wannan sauti albishir ne. Daga nan duk lokacin da karen ya yi abin da ake so, a yi alamar a daidai wannan ƙiftawar ido, lada ya biyo baya. In aka yi jinkiri ko kaɗan, ba zai san abin da aka saka masa a kai ba.

Da kira ake farawa, a tsakar gida inda babu abin da zai ɗauke masa hankali, daga taku biyu zuwa taku goma, sa'an nan a fita bayan gari da doguwar igiya, daga bisani a saki igiyar. Ba a kiran kare don a hukunta shi, ko da ya yi ɓarna. Tsayawa kuwa ana koyar da ita da wasa: a ja tsumma a ƙasa ya bi, a ba da umurnin tsayawa a daina ja, da ya tsaya a saka masa. Sakin abin da ya kama ana koyar da shi da musaya, watau ya ajiye abin da ke bakinsa a ba shi wanda ya fi shi daɗi, har ya saba cewa miƙa wa ubangidansa kamu riba ce ba hasara ba.

Darasi ba ya wuce 'yan mintoci, sau biyu ko uku a yini, da sanyin safiya ko na yamma. In kare ya kasa, ba laifinsa ba ne, matakin ne ya yi masa tsawo, sai a koma baya kaɗan. In ya ƙware, sai a rage ba da abinci, ya zama wani lokaci a ba shi, wani lokaci a yaba masa da baki kawai. Wannan aiki yana son haƙuri da lura da cika alkawari, halayen da ko a tarbiyyar 'ya'yanmu su ake bukata.

KO ZA A CI ABINCI DA ITA?

Ba wanda bai san cewa dazuzzukanmu sun ja baya ba. Gonaki sun cinye fili, ƙona daji ya kori namun, Dajin Falgore kuma gandun gwamnati ne mai dokar hana farauta. Wannan yana daga cikin abin da ke sa samarinmu tafiya Kudu neman abin kai wa baki. Ba mu manta da abin da ya faru a watan Maris na 2025 ba, ana dab da ƙaramar Salla, lokacin da aka kashe mafarauta 16 a garin Uromi na Jihar Edo suna kan hanyar komowa gida, da dama daga cikinsu 'yan Torankawa ta ƙaramar hukumar Bunkure, wadda take cikin Masarautar Rano tare da Kibiya. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyalansu haƙuri. Lalle ya kamata mu nemi hanyoyin da gwanintar da waɗannan samari suke da ita za ta ciyar da su a kusa da gida.

Saurayin da ya tashi da karnuka ya riga ya san rabin aikin. Masu bukatarsa kuwa suna nan: mafarauta 'yan'uwansa, makiyaya masu son karen da zai tsare garke, manoma masu fama da ɓarayi da birai, da masu ma'aikatu da rumbunan ajiya a Kano waɗanda ke neman karen gadi mai jin magana. Rundunar 'yan sanda da Hukumar Yaƙi da Miyagun Ƙwayoyi suna da sassan karnuka masu sansano abin da aka ɓoye, kuma kowane kare yana da ma'aikacin da ke sarrafa shi. A 2018 masana daga Jami'ar Durham ta Ingila suka ba da rahoton cewa karnukan da aka horar sun iya gano kusan kashi 70 cikin 100 na yaran Gambiya masu ɗauke da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, ta hanyar sansana safar da suka kwana da ita. A ƙasashen Turai da Amurka kuma ana horar da karnuka su yi wa makafi jagora, har a 2008 wata majalisar malamai a Ingila ta ba da fatawar da ta sa wani masallaci a birnin Lesta ya keɓe wurin da karen jagoran wani makaho zai jira shi har ya idar da salla.

Mai son shiga sana'ar ya fara zama a ƙarƙashin gwani mai tausayi, ya koyi karatu da rubutu don ya riƙa ajiye tarihin kowane kare, ya kuma kusanci ma'aikatan lafiyar dabbobi. Wanda ya sami hali ya nemi ilmi a makarantu irin su Kwalejin Koyon Aikin Gona ta Audu Bako da ke Dambatta, ko Kwalejin Lafiyar Dabbobi ta Tarayya da ke Vom. Ya sani kuma cewa rabin aikinsa koyar da mai kare ne, don in ya gyara kare ya mayar wa mai dukansa, aikin banza ya yi.

IYAKOKIN SHARI'A

Amma fa akwai iyaka. Hadisi ya inganta cewa wanda ya ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko noma ba, ladansa yana raguwa kullum, kuma mala'ikun rahama ba su shiga ɗakin da yake da kare. Don haka ba mu kira ga kwaikwayon masu kwana da kare a kan gado ba. A yi masa wurinsa dabam, mai inuwa da ruwa, nesa da ɗakin kwana da wurin salla. Malamai irin su Ibnu Abdil Barri sun yi ƙiyasin gadi a kan waɗancan bukatu uku. An ma ruwaito cewa Ibnu Abi Zaidin, mai Risala, ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi yana tsoron maƙiya, da aka tuna masa cewa Malik ya ƙi haka, sai ya amsa cewa da Malik ya riski zamaninsu da zaki ma zai ajiye. Ita Risalar ta bayyana cewa farauta don wasa makaruhi ce, don neman abinci kuwa halal ce. Farautar da za ta sa a bar salla, ko a kama akuyar mutane, ko a zub da jinin Musulmi a kan zomo, ba wanda ya halatta ta.

Game da tsarki, a mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, shi da yawunsa, wanke ƙwarya sau bakwai in ya sha a ciki kuwa bin umurni ne na ibada. Shafi'iyya da Hambaliyya suna ganin najasa ne, a wanke sau bakwai ɗaya da ƙasa. Mai horo ya ware tufafin aiki da na salla, ya fita daga saɓani.

Game da kuɗi, an hana cin kuɗin sayar da kare, sai dai malamai sun yi saɓani a kan wanda aka yi izinin ajiyewa. Sahnun da Abu Hanifa sun halatta, wasu sun hana. Abin da mai horo yake karɓa kuwa ladan aikinsa ne da lokacinsa, ba farashin kare ba, sai dai a yanka ladan da tsawon aikin a fili tun farko, kada kuma ya horar wa ɓarawo ko ɗan daba. Wanda ya yi shakka ya tambayi malamin garinsa.

Wajibi na ƙarshe shi ne rigakafin cutar haukar kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe mutane wajen 59,000 a kowace shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar cizon kare, da yawansu kuwa yara ne. In alamunta suka bayyana a jikin mutum, da wuya ya tashi. A yi wa kwikwiyo allura yana wata uku, a riƙa sabuntawa yadda likitan dabbobi ya tsara. Wanda kare ya ciza a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a garzaya asibiti a ranar, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Mai horon da ya karɓi karen da ba a yi wa allura ba ya jefa kansa da maƙwabtansa cikin haɗari.

Muna kira ga Sarakunan Dawa da shugabannin mafarauta na Rano da Kibiya da Bunkure su zauna da malamai da ma'aikatan dabbobi tun kafin kaka, a koya wa samari hukuncin farauta da hanyar horo da lalama, a kuma haɗa karnuka a yi musu allura rana guda, tun da ba a kiwon kare ranar farauta. Iyaye da malaman allo kuma su hana yara jifan karnuka, su gaya musu labarin mutumin rijiya.

Allah Ya sanya tausayi a zukatanmu, Ya ciyar da mu halal, Ya tsare matafiyanmu, amin.